Ɗan Gata da Sauran Akwatunan

Litinin, da hantsi

Rubutuna ya karkace yau. Haushi ne, ba tsoro ba.

Yau na koma aiki bayan hutun haihuwa. Tun a ƙofa maigadi ya tare ni da ƙorafi, wai rediyonsa ya lalace, tun da aka ba shi inbata, ɗaya cikin akwatunan da muke haɗawa masu ba da wuta in an ɗauke, ba ya jin komai sai shuuu. Na ce ya kashe inbatar. Yana kashewa sai ga muryar mai labarai tar, kamar a bayanmu yake tsaye. Maigadi ya hau murna, ni kuwa na tsaya ina kallon akwatin.

Akwatin da na zana ba ya yi wa rediyo haka. Ni na ɗauke shi bara zuwa ɗakin gwaji, ɗakin nan da aka liƙe bangonsa da soso mai tsini, aka ja ƙofar ƙarfe, aka saita masa eriya, aka yi ta juya shi a kan tebur ana auna hayaniyar da yake watsawa, irin wadda kunne ba ya ji amma sauran na'urori suna ji. Ya faɗi, na gyara, ya sake faɗi, na sake gyarawa, har ya ci. Sannan aka auna ko jikinsa zai iya jan mutum, nan ma ya ci. Aka ba mu tambari. Sunana ne a ƙasan takardar.

Na ɗauko ɗaya daga layin haɗawa na kwance shi. Zoben da ke shanye hayaniya a kan waya, babu. Murfin ƙarfen da ke rufe allon wuta, babu. Wannan duk mai sauƙi ne. Farin faifan robar da ke raba allon da jikin akwati ma an cire. Wayar ƙasa kuwa, wadda in wuta ta ɓalle za ta bi ta cikinta maimakon ta bi jikin mutum, ramin notinta kawai aka bar mini.

Tambarin yana nan a gaba, sai sheƙi yake.

Talata, da azahar

Na samu Baba Ya-Kawo a kan bencinsa. Shi ne shugaban layi, shi ya koya wa Yaya, wana mai kamfanin, gyaran rediyo a kasuwa tun kafin a yi mafarkin kamfani. Sunan ya bi shi ne saboda duk abin da ya jona ya ga fitila ta kama sai ya ɗaga hannu ya ce "Ya kawo!"

Na ce, "Baba, wa ya cire wayar ƙasa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ni ne, Injiniya. Ai sai da muka gwada."

"Kuka gwada me?"

"Yadda muke yi tun ba a haife ki ba. A cire abu, a kunna. In bai kawo ba, a mayar. In ya kawo, to dama zaman banza yake yi. Zoben nan mun cire, ya kawo. Robar nan mun cire, ya kawo. Koriyar wayar nan ma da kike magana, wallahi ko gezau bai yi ba."

Na ce, "Baba, mota ma in ka cire mata birki ai tafiya take yi."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ni dai tun ina ƙarama akwai baki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ɓoyewa yake yi ba, alfahari yake. Shekarunsa duka a gyara ya yi su, inda ake kawo maka abu matacce, aikinka ka tashe shi. A wurinsa abin da ya kawo wuta ya gama magana. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa duk abin da ya cire ba ranar lafiya yake aiki ba?

Laraba, da yamma

Yaya ya ce, "Auta, zauna mana. Kin shigo kamar an biyo ki."

Ban zauna ba. Na ajiye masa akwatin a buɗe a kan tebur. A bayansa akwai kabad ɗin gilashi, a ciki akwai wanda ya ci jarrabawa bara, cikinsa cike da komai nasa. Ma'aikata suna kiransa Ɗan Gata, don kullum sai an goge shi, kuma ba a taɓa jona shi a gidan kowa ba.

Na ce a tsayar da layi yau, kuma a aika wa dillalai su dawo da duk wanda aka sayar tun da na tafi hutu.

Ya dube ni kamar na ce a rushe ginin. "A dawo da su? Kin san inda suka kai kuwa? Masu kamfanin can na tsallaken titi suna sayar da nasu da araha, su ko tambarin ba su da shi. Mu da muka yi ƙoƙari ne za mu kashe kanmu?"

"Tambarin na wancan ne na cikin gilashi, Yaya. Ba na waɗannan ba ne."

"To wa ya mutu?"

Haka ya tambaye ni. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makaranta ranar farko, wanda ya sayar da babur ɗinsa na tafi jami'a. Bakina ya cika da abin da ba a faɗa wa yaya.

Alhamis, da safe

Layi yana tafiya. Daga ofishina ina jin "Ya kawo!"

Asabar, da la'asar

Na bar akwati ɗaya a kunne tun safe da kaya masu nauyi a kansa, firji da fanka da dutsen guga. Da ya ɗauki zafi sai allon ya lanƙwashe kaɗan, ƙafafun dalma na ƙasansa suka taɓa jikin ƙarfe. Na ɗora mitar awon wuta a jikin akwatin. Allurar ta tashi tsaye.

Na kira Yaya ya gani da idonsa. Ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce ai ni na gana masa azaba, babu mai hankalin da zai jona dutsen guga a inbata. Na ce ya faɗa mini gida ɗaya da ba za a yi hakan ba in an ɗauke wuta ana saurin zuwa biki. Sai wayarsa ta yi ƙara, ko kuwa ya ce ta yi, ya fita.

Baba Ya-Kawo ya tsaya ya daɗe yana kallon allurar. Can ya ce, "Amma ai har yanzu yana kawowa." Allah ya ba ni haƙuri da tsohon nan.

Lahadi, da hantsi

Gidan Inna. Yaya ya riga ni kai ƙara. Ina shiga ko jaririyar ba ta karɓa ba ta ce, "Me kike nema da ɗan'uwanki? Ya ce tun da kika koma kin hana shi sakat."

Na fara yi mata bayanin wayar ƙasa. Ta ɗaga hannu. "Ni ban san waya ba. Na san bakin mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa, har da naki. In akwai gyara ku gyara a cikin gida, ku rufa wa juna asiri."

Na ce to. Me zan ce?

Talata, da yamma

Sabon kaya ya fita, mota cike. Na tsaya a taga har ta sha kwana.

Na kira dillalai biyu da nake da lambarsu, na ce su gaya wa masu saye kada a taɓa jikin akwatin in yana kunne. Ɗaya ya ce to, cikin muryar da na san ba zai faɗa ba. Ɗayan kuwa kafin in ajiye waya ya kira Yaya. Yanzu an karɓe mabuɗin sito daga hannuna, wai don a rage mini wahala saboda shayarwa.

Laraba, da safe

Ba na son ganin fitilar nan koriya ta gaban akwatin. Ko a gida na juya tamu ta kalli bango.

Juma'a, da azahar

An kira.

Juma'a, bayan magariba

Ba zan rubuta yadda dillalin ya faɗa ba. Mace ce, mai ɗinki, a unguwar bayan tasha. Ta goge ɗaki, ƙasa da danshi, ba takalmi a ƙafarta, ta sa hannu za ta matsar da akwatinmu, wuta ta kama ta. Tana da rai. Sun ce tana da rai, kuma kowa a ofis sai maimaita hakan yake yi kamar an ba mu kyauta.

Hannun dama ne.

Asabar, da hantsi

Yaya ya aika da Baba Ya-Kawo asibiti da ledar lemo. Lemo!

Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba. Na ce, "Ga amsar tambayarka ta kusa zuwa." Ya ce in ji tsoron Allah, ƙaddara ce, kuma ita ma da ganganci, wa ke taɓa kayan wuta da jiƙaƙƙen hannu? Na ce kowace mace a kowane gida, kullum. Ya ce in fita.

Idonsa ya yi ja. Na san bai yi barci ba. Na san kuma ba mugu ba ne, wannan ne ma ya sa nake jin kamar in fasa gilashin nan da kaina.

Litinin, da yamma

An mayar da wayar ƙasa da robar a kan layi. Shiru-shiru aka yi, babu wanda ya ce mini komai, sai gani na yi. Baba Ya-Kawo da kansa yake ɗaure kowace koriyar waya, kuma yau ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya.

Na tambayi Yaya waɗanda ke gidajen mutane fa? Ya ce a hankali. In wani ya kawo nasa gyara sai a saka masa ba tare da an yi surutu ba. Wato sai akwatin ya lalace tukuna, ko kuma ya samu wani hannun.

Talata, da safe

Nonona ya ragu. Yarinya tana ta kuka, ni ma saura kaɗan.

Laraba, da azahar

Likitan da ya duba mai ɗinkin ashe ya kai rahoto. Hukuma ta aiko cewa a kai akwati ɗaya ɗakin gwaji ranar Litinin a sake aunawa. Ba su ce wanne ba. Haka suke yi kullum, kamfani ne ke zaɓar abin da zai kai, kuma kowa ya san abin da kamfani ke zaɓa.

Da yamma na ga an buɗe kabad. Yaya da kansa ya sauko da Ɗan Gata, ya goge shi, ya sa aka canza masa lambar baya ta zama irin ta kayan bana. Sannan ya zo ofishina, abin da rabonsa da yi tun kafin in haihu. Ya zauna a gefen tebur.

"Auta, ke suka sani a can. Ke za ki kai shi. Ki taimake ni wannan karon kawai, mu tsallake. Na rantse miki bayan nan duk abin da kika ce shi za a yi."

"Za a dawo da su?"

Ya ce, "In aka yi shela, mun mutu. Ni da ke da Inna da yaran can na layi."

Na ce zan kai. Ban san me ya sa na ce haka ba. Na sani. Ya ce mini Auta.

Alhamis, da la'asar

Ina jin haushin hukuma da ba ta iya zuwa kasuwa ta ɗauka da kanta. Ina jin haushin na tsallaken titi. Ina jin haushin Inna, Allah ya yafe mini. Ina jin haushin wanda ya ƙirƙiro fitila koriya ya koya wa mutane cewa in ta kama shi ke nan lafiya.

Asabar, da yamma

Na je. An sallami mai ɗinkin, tana gida. Na ce musu daga kamfani nake, ban ce ni wace ce ba.

Ɗaki ɗaya ne da ƙaramin falo. Keken ɗinkin yana gefen taga an lulluɓe shi da zane, a kansa akwai rigar yarinya da aka bari rabi, hannu ɗaya a haɗe ɗaya ba a haɗa ba. Ita tana zaune a tabarma. Ban kalli abin da aka naɗe ba. Na kalla sau ɗaya. Naɗin ya fi yadda ya kamata gajarta.

Na shirya a zage ni. Da an zage ni da na samu sauƙi.

Sai ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri don Allah. Laifina ne, na san ba a taɓa wuta da ruwa, sauri ne ya ja mini. Ga shi na lalata muku kaya, tun ranar bai ƙara kamawa ba."

Mijinta, direban babbar mota, ya shiga ɗaki ya fito da akwatin a rungume, ya goge shi tas. Ya ce ko za a taimaka a duba musu, don yara da shi suke karatu in an ɗauke wuta, kuma ƙanwarta ma ta sayi irinsa saboda ita ta yaba mata shi. Maƙwabta biyu ma sun saya. "Kaya ne mai kyau," in ji shi, "ga tambari ma. Ita ce dai tsautsayi ya faɗa wa."

Na ce ya kira ƙanwar yanzu, a gabana, ta kashe nata ta cire daga bango, maƙwabtan ma haka. Ya yi mamaki amma ya kira. Na karɓi akwatin na sa a mota. Sai da na bar unguwar na tsaya a gefen titi na yi abin da ban yi a gabansu ba.

Haƙuri ta ba ni. Ni ta ba haƙuri.

Lahadi, da hantsi

Akwati biyu ne a bayan motata yanzu. Ban je gidan Inna ba, na ce yarinya ba ta jin daɗi.

Litinin, da la'asar

Mai gwaji ya gane ni, ya yi mini barka da haihuwa. Na ɗora Ɗan Gata a kan tebur. Ya fara jona wayoyi, yana ba ni labarin ciwon bayansa. Na koma mota na ɗauko ɗayan, na ajiye kusa da shi.

Ya ce, "Ɗaya aka ce, Injiniya."

Na ce, "Wannan shi kamfani ya aiko. Wannan kuma shi ake sayarwa. Ka buɗe su duka."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya san Yaya, ya san ko ni wace ce a wurinsa. Ya ce, "In na buɗe, sai na rubuta abin da na gani, da sunan wanda ya kawo. Ba na iya mayar da murfi in ce ban gani ba. Ki je ki sha ruwa ki dawo, in kin dawo na ga akwati ɗaya, to ɗaya na gani."

Na ce ba na jin ƙishirwa.

Ya ɗauko sukundireba. Da murfin ya tashi, ga baƙin tabo a jikin ƙarfen daga ciki, daidai inda robar ya kamata ta kasance. Ya ɗauko kyamara.

Talata, da safe

Waya tana ta ƙara. Ban ɗauka ba.

Alhamis, da yamma

An rufe kamfani, an manna takarda a ƙofa. A rediyo ana ta sanarwa cewa duk mai irin akwatin ya kashe ya mayar wa dillali. Na wuce ta wurin a mota ban tsaya ba. Yaran layi suna zaune a bakin kwata, wasu da kwanon abincinsu, kamar wani zai zo ya buɗe. Sun ga motata. Babu wanda ya ɗaga hannu sai Baba Ya-Kawo, shi ma ban san ko gaisuwa ce ba.

Matar Yaya ta turo mini saƙo mai tsawo. Na karanta layin farko na goge.

Na ɗauka in an yi sanarwar haushin zai sauka. Bai sauka ba. Ya dai rasa wanda zai kama.

Asabar, da azahar

Direban ya kira, yana tambaya ko an gyara. Na ce ba za a gyara ba, kuma ya gaya wa matarsa ba laifinta ba ne, ko da busasshen hannu ta taɓa zai iya kama ta. Na ce akwai abin da ya kamata a ce yana ciki, aka cire. Sai ya ce, "Ashe kun sani?"

Na ba shi lambar hukuma.

Lahadi, da la'asar

Na je gidan Inna. Motar Yaya tana waje, na gani, na shiga duk da haka.

Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe da Inna, na juya na ce, "Yaya, ina wuni."

Bai kalle ni ba. Ya lalubi hularsa ya miƙe, ya ce, "Inna, kin yi baƙuwa. Bari in ba ku wuri."

Na jira ta tsawata masa. Ko "kai" ɗaya ne. Ta bi shi da ido har ya fita, muna jin motar ta tashi. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar, ta yi mata wasa, ta tambayi ko tana samun nono. Na ce tana samu. Ta tashi da ƙyar, ta buɗe kabad, ta kawo mini ruwa a kan faranti, a kofin da take ajiye wa baƙi.

Na shanye.